Ruwan da Ya Ɓace Daga Tankin Kan Dutse

Shafi na 19

Da sunan Allah, wanda ya saukar da ruwa bisa gwargwado, ya kuma ƙayyade wa kowane rai adadin numfashinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa.

Na ga saƙonninku, na kuma ga waɗanda suka riga suka yanke wa Injiniya hukunci tun a shafin da ya gabata. Ina roƙon a dakata, domin ba a gama sauraron kowa ba tukuna.

*

Ranar da Baba ya cika kwana bakwai da rasuwa, babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, bai zauna cikin masu karɓar gaisuwa ba, kamar yadda bai zauna ba tun ranar farko. Hantsi ya same shi a ɗan ɗakin injin da ke bayan gida, a durƙushe, da sifana a hannu.

Duk abin da ke wurin aikin hannunsa ne. Lokacin da likita ya ce huhun Baba ba zai ƙara iya kwana ba sai da injin numfashi, wutar gari kuwa ba abin dogaro ba ce, batura sun mutu masa sau biyu a cikin zafi, sai ya gina tankin siminti a kan dutsen da gidan ya jingina da shi, ya haƙa wani a ƙasa. Da rana sola ke riƙe da injin numfashin, ta kuma tura ruwa daga tankin ƙasa zuwa na sama. Idan rana ta faɗi, ruwan ya gangaro ta bututu, ya juya farfela, farfela ta juya ƙaramin janareta, injin ya ci gaba da busa wa Baba iska har gari ya waye. A jikin tankin sama ya ja shaida goma sha biyu da jan fenti. Kowace shaida awa ɗaya ce.

Wata takwas abin yana tafiya daidai. Dare ɗaya kawai aiki ya kai shi wani gari ya kwana, a daren ne ruwan ya ƙare saura awa biyu rana ta fito.

Ƙanwarsa Auta ta tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu.

"Yaya, shayin nan sau uku ke nan ina ɗumama shi."

"Ajiye."

"Jiya ma ajiye ka ce. Ƙudaje ne suka yi godiya."

Bai ɗago ba. Ya ɗora sifana a kan notin da ya haɗa bututu da farfela, ya fara murzawa.

"Me kake kwancewa?"

"Duka."

"Ka samu tsagar?"

"Ban samu ba."

Kwana shida ya yi a cikin tankin sama, ba takalmi, yana bin bango da tafin hannu taƙi bayan taƙi, yana neman inda ruwa ya bi ya fita. Fatar tafinsa ta saɓule, shi kuwa bai ce uffan a kai ba. Auta ce ta ga jini a jikin kofin da ya riƙe.

Ta ce, "To idan babu tsaga, ai ba aikinka ne ya..."

"Ruwa ba shi da ƙafa, Auta. Na auna na sama, na auna na ƙasa, ruwan shaida uku babu shi a gidan nan. Ko ta bango ya bi, ko ta ƙasa, ko ta haɗin bututu. Duk ukun ni na yi su."

"Kwana ne ya ƙare, Yaya."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ka ci abinci."

"Na san kwana ne ya ƙare. Na kuma san ta hannun wa ya ƙare. Kin ji abin da Kawu ya faɗa jiya a tsakar gida, cewa an mai da ran mutum abin gwaji. Ban ji haushinsa ba."

Ya faɗi maganar ne kamar mai karanta lambar mita. Auta ta buɗe baki za ta amsa, sai suka ji sandar wani tana buga ƙasa daga lungu.

"Ina angon nawa? An ce yana nan ɓoye kamar kaza a kan ƙwai."

Goggo mai tsintsiya ce, tsohuwar da ke zaune a layin da ke ƙasan gidan. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa gaisuwa sai yau. Ta riga ta shiga wurin Inna, mahaifiyarsu, da ke takaba a ɗaki, ta kuma ce ba za ta tafi ba sai ta ga wanda tun yana rarrafe take kiransa mijinta. Auta ta kife mata bokiti ta zauna a kai.

Injiniya ya gyara durƙuso. "Sannu da zuwa, Goggo."

"Dube shi, duk ya zama ƙashi. Haka zan aure ka? Ko tsintsiyata ta fi ka nama. Ya haƙuri, ɗan nan?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Allah ya yalwata masa makwanci. Allah ya shayar da shi daga tafkin Annabi, kamar yadda ya shayar da mu ranar Laraba."

"Amin," in ji Auta.

Injiniya bai ce amin ba. Ya dubi tsohuwar.

"Wace Laraba, Goggo?"

"Ta ƙarshensa mana. Kai ba ka gari, shi ya sa. Kwana tara famfon unguwa ko ɗigo, masu kurar ruwa sun daina hawo mana, har taimama muka koma yi da rana tsaka. Sai ga shela wai a kawo jarka gidanku. Wallahi na ga mutane ranar. Da mai bokiti, da mai tukunya, har da wadda ta zo da bahon wankan jariri."

"A ina aka ɗibi ruwan?"

"Ta bayan katangar nan, aka zuro tiyo. Ni da hannuna ba ya iya jan guga, sai ga ruwa yana fitowa da ƙarfinsa kamar an koro shi. Na ce wannan aikin angona ne, ruwa daga kan dutse."

"Wa ya buɗe?"

"An ce Malam ne ya yi shelar bayan azahar, ƙanin mamacin. Ni dai a buɗe na tarar, ban ga kowa ba sai masu ɗiba. Ka san tafiyata, kafin in rarrafo rana ta yi ja, har ina ce wa matar ɗana ta yi sauri kada magariba ta riske mu a hanya." Ta dubi Auta, ta dubi Injiniya. "Lafiya? Ko na faɗi abin da bai kamata ba?"

"Ba komai, Goggo. Amin. Allah ya karɓi addu'arki."

Ya ajiye sifanar a kan janareta, a hankali, yadda ba za ta yi ƙara ba. Ya wanke hannu a bokitin da ke bakin ƙofa, ya saki hannun rigarsa da ya naɗe, ya sa maɓalli.

Auta ta bi shi da ido. "Yaya."

"Ki raka Goggo. Ki riƙe ta a wurin matakala."

*

Baffa, ƙanin Baba, malami ne mai karantar da manya a masallacin unguwa tsakanin la'asar da magariba, shekara talatin ba a san ya yi fashi ba sai da lalura. Shi ya yi wa ɗan'uwansa wanka, shi ya ja sallarsa. A wannan lokaci baƙi sun ragu, yana zaune shi kaɗai a ɗakin marigayin, a ƙasa, kusa da gadon da aka naɗe shimfiɗarsa. Injin numfashin yana gefe an lulluɓe shi da zane. Tsakanin ɗakin da na Inna akwai ƙofa, labule ne kawai a kanta.

Injiniya ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna nesa kaɗan, ƙafafunsa a naɗe.

"Allah ya gafarta Malam."

"Amin, ɗana. Ka fito daga tankin?"

"Na fito. Goggo mai tsintsiya ta zo gaisuwa."

Baffa ya rufe littafin da ke hannunsa, ya ɗora a kan matashi. Ya daɗe yana gyara masa zama.

"Ta yi wa Baba addu'a," in ji Injiniya. "Ta ce Allah ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da su."

"Amin."

"Baffa, kwana shida ina neman tsaga."

"Na gani."

"Ka gani."

"Na gani, kuma kullum sai na yi niyyar hawa dutsen in same ka. Sau biyu na kai gindin tsani na dawo. Wanda yake karantar da mutane hukuncin ɓoye shaida, shi ne ya kasa hawa tsani. Allah ya yafe mini. Ni na buɗe famfon."

Babu abin da ya motsa a fuskar Injiniya. Ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi, ya kife a kan gwiwa.

"Famfon wanke tanki ne. Ba na sha ba ne."

"Yanzu na sani."

"Akwai rara a tankin ƙasa. Kullum akwai. Da a can aka ɗiba, ko duk unguwa ta zo da guga, ba abin da zai taɓa dare."

"Haka Yayana ya ce."

"Baba ya sani?"

"Ya sani. Na shigo nan bayan azahar na gaya masa halin da mutane ke ciki, na ce ga ruwa a gidanmu tanki biyu, maƙwabta na taimama. Bai yi jinkiri ba, ya ce a ba su, amma a ɗiba a na ƙasa."

"To me ya kai ka sama?"

Daga waje aka ji ƙarar sandar Goggo tana fita daga gidan.

"Ilimina ne ya kai ni," in ji Baffa. "Na ce masa ruwan ƙasa ya riga ya bi ta cikin ƙarfe da mai, ya yi aiki ya gaji, mu kanmu ba ma sha. Na ce ba ya kyautu mutum ya yi sadaka da abin da shi yake ƙyama, ya ajiye mai kyau a sama. Har da hujjoji na kawo masa. Ka san shi. Shekara sittin yana gabana a komai, amma idan na ce addini ya ce, sai ya sunkuyar da kai kamar ni ne babba."

"Ruwa ɗaya ne, Baffa. Wanda ya sauko shi ke komawa. Babu mai a hanyarsa."

"Ban tambaya ba. Da na tambaya da na ji."

"Sai ya yarda?"

"Ya daɗe yana kallona. Ya cire abin hancin nan ya ce, to shaida ɗaya. Ya ce tun da rana na da ƙarfi, za ta mayar daga rarar ƙasa kafin la'asar. Ya maimaita mini sau biyu, shaida ɗaya."

Injiniya ya gyaɗa kai. Lissafin daidai ne, shi ya koya wa Baba. Abin da aka ɗiba da azahar rana na iya mayarwa. Abin da aka ɗiba bayan la'asar kuwa ya tafi ke nan, domin a lokacin sola ba ta da ƙarfin da za ta tura ko cikin bokiti zuwa kan dutsen.

"Shaida ɗaya ya ce, uku suka tafi."

"Ni na jawo, ɗana. Ba aikinka ba ne. Ka mayar da notin da ka kwance, ka ci abinci, ka fito cikin mutane. Gobe bayan asuba zan tashi a masallaci in faɗa da bakina cewa tankinka bai yi yoyo ba, ni na yi shela, ni na buɗe. Kawunku ma zan same shi har gida."

Wani zai yi tsammanin a nan Injiniya zai ji sauƙi, ko ya fusata, ko ya yi kuka. Bai ji ko ɗaya ba. Abin da kawai ya rage yana aiki a cikinsa shi ne wurin nan da ke auna bututu da lokaci, kuma wurin bai tsaya ba.

"Ƙarfe nawa ka buɗe?"

"Da muka fito daga azahar."

"Bakin famfon nan daidai yake da na bututun farfela. Shaida ɗaya awa ɗaya ce a can ma."

"Haka ne, ina jin."

"Shaida uku awa uku ke nan. Ka tsaya a wurin awa uku?"

Baffa ya mai da idonsa kan injin da aka lulluɓe da zane.

"Ranar ka yi fashin karatu?"

"Ban yi ba."

"Goggo ta ce da ta iso rana ta yi ja. A lokacin kana masallaci da ɗalibanka."

"Ɗana, na ce maka ni na buɗe."

"Ka faɗa, kuma gaskiya ne. Tun da na zauna nake sauraro, ba ka faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ka ce ka yi shela, ka ce ka buɗe, ka ce ka jawo. Ban ji ka ce ka bar shi a buɗe ba."

"Wanda ya fara abu yana da kaso a duk abin da ya biyo baya."

"Wannan karatu ne, Baffa. Ni tambaya nake yi. Ka rufe?"

Tsohon ya ɗaga hannu ya shafi gemunsa. Mutum ne da bai taɓa iya yin ƙarya ba ko a cinikin kasuwa, kuma ɗan ɗan'uwansa ya san haka tun yana yaro.

"Ka bar maganar nan a kaina, don girman Allah. Na ɗauka, zan iya."

"Ka rufe?"

"Na rufe."

"A shaida nawa?"

"A ɗaya. Ina tsaye ina kallon jan fentin. Da ruwa ya sauka kan shaidar na murɗe famfon, mutane suna roƙo ina ba su haƙuri. Na sa kwaɗon na kulle da hannuna."

"Akwai sauran mutane a bayan katanga?"

"Da yawa. Yawancinsu mata."

"Suka tafi?"

"Ban ga tafiyarsu ba. An kira la'asar, na wuce."

Injiniya ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli, ya ajiye shi a kan tabarma tsakaninsu.

"Kwaɗon nan makulli biyu gare shi. Wannan yana jikina a garin da na kwana. Ɗayan a ƙarƙashin matashin Baba yake zama. Ka mayar masa?"

"Na shigo zan mayar, na tarar barci ya ɗauke shi. Ban so in ɗaga masa kai ba."

"Sai ka sa a aljihu."

"A'a."

"Sai ka ba wa?"

Baffa ya runtse ido. Leɓɓansa suna motsi da istigfari, amma babu sauti.

Auta ta dawo daga rakiya ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ga makullin a kan tabarma, ta ga fuskar Baffa, sai ta dafa bango.

"Yaya, ka tashi mu je. Shayin zai huce."

"Kin sani ke ma?"

"Ban san komai ba. Ina makaranta ranar, ban dawo ba sai bayan magariba. Ka tashi kawai, don Allah."

"Baffa, wa ka ba?"

Tun shigarsa ɗakin akwai ƙaramin sauti da ke fitowa daga bayan labule, na 'ya'yan carbi suna faɗa wa juna ɗaya bayan ɗaya. Kwana bakwai ke nan ba ya yankewa, har kunnen mutanen gidan ya daina jin sa. Yanzu ya tsaya, kuma su ukun duk sun ji tsayawarsa.

Muryar Inna ta fito, a dashe, ba ta rawa.

"Malam, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah ya saka maka."

Baffa ya ce, "Ki yi shiru, don Allah. Ba yau ba."

"Yau kwana shida ina jin ƙarar tafin hannunsa a jikin tankin nan daga inda nake zaune."

Labulen ya ɗan motsa daga ƙasa. Hannunta ne ya fito, ya ajiye makulli na biyu a kan siminti, ya koma.

"Kai," in ji ta, domin ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. "Ka ƙyale Baffanka. Shigo."